Akwatin da Hollis Ya Ajiye a Taga

Duk wanda ya san hanyar da ta ratsa gonakin tuffa na kwarin Annapolis ta ɓulle bayan tsohuwar majami'a, ya san gidan Verna Zwicker, farin gidan katako mai ƙatuwar bishiya a bakin hanya. Nan aka kai ta amarya, nan ta haifi 'yarta tilo Colleen, nan kuma ta yi jinyar mijinta Hollis har Allah ya karɓi abinsa. Shekarun ƙarfinta a tuƙin motar makaranta ta ƙarar da su, tana kwasar 'ya'yan mutane safe da yamma, shi ya sa har gobe muryarta ba ta san raɗa ba. Ko gaishe ka take yi, sai ka ji kamar ta ce ka koma kujerarka ka zauna.

Hollis makanikin tarakta ne, mutum mai tsadar magana. Zamansu lafiya lau, in ka cire rigima guda ɗaya, rigimar akwatin waifai, na'urar nan mai watsa sabis na intanet a gida. Wani ɗan baƙin abu ne mai ƙaho biyu. Da farko a falo yake, sai wata rana Verna ta dawo daga kasuwa ta tarar an sauke tukunyar furenta daga tagar kicin mai kallon hanya, an ɗora akwatin a wurin. Tun daga ranar sabis ya daina kaiwa ɗakin kwana. Ta yi mita, ta yi faɗa, ta yi gugar zana a gaban baƙi, amsar Hollis ba ta taɓa wuce kalma uku ba.

"Nan ne wurinsa."

Sunan tsohuwar karyarsu, Dutchie, ya sa wa waifan, kuma bai taɓa kulle shi da kalmar sirri ba. Verna ta ɗora wannan a kan lalaci irin na maza, ta ci gaba da harkokinta.

Babbar harkarta kuwa ita ce Lahadi. Kowace shekara, da zarar ƙanƙara ta narke, mazan Jamaika suna zuwa aikin gonakin tuffa, ba sa komawa sai an gama tsinka. Ran Lahadi da rana, bayan an tashi daga majami'a, sai ka ga sun gangaro a kan kekuna, sun jingine su a shingen Verna, sun baje a gindin bishiyar nan. Ita ta san abin da ke kawo su, ko kuwa tana ganin ta sani: inuwa ce, da burodinta mai maɗi wanda babu irinsa a duk kwarin. Wayoyin da ke hannunsu ba su taɓa ba ta wani tunani ba. Wa ba ya riƙe da waya a zamanin nan? A ganinta waifai kamar fitilar ɗaki ne, iyakarsa bango.

Bayan rasuwar Hollis, Lahadin nan ce ta riƙe ta. Tun Juma'a take kwaɓa fulawa. Babban mazan, Linval Gayle, dogo mai furfura a gemu, shi ke karɓar tire daga hannunta, ya ce, "Mis Verna, za ki kashe mu da daɗi," ita kuma ta ce ya ci ya daina surutu. Kafin su tafi wani ya jera mata itace, wani ya ɗaure matakalar da ke rawa, ba tare da an ce kowa ya yi ba. In suka koma ƙasarsu hunturu yakan yi mata tsawon da ba ta faɗa wa Colleen. Tsoronta ɗaya a duniya shi ne wata Lahadi ta leƙa ta ga gindin bishiyar wayam.

To, akwati ya tsufa. Colleen na kira daga Halifax, ana cikin hira sai fuskar uwar ta daskare da baki a buɗe, murya ta ɗauke. Hankalin 'ya ya tashi, ta turo mijinta. Garnet mutumin kirki ne, amma irin masu kirkin nan da ba sa iya ganin ƙusa ba su nemo guduma ba. Ya iso ran wata Asabar ana tsakiyar tsinkar tuffa, da kwalaye uku a bayan mota, ya jera su a teburin kicin kamar mai tallan kaji.

"Mama, duba ki zaɓa. Sauran biyun zan mayar."

"Wanda nake da shi fa, mutuwa ya yi? Ai da tsohuwar zuma ake magani."

"Wannan zumar ta zama ƙasa, Mama. Hanya ɗaya gare shi, 'yar siririya, kowa a kanta yake bi. Sababbin nan hanya biyu ce, mai sauri da mai nisa."

Ta ɗauki na farko ta juya shi. Ƙahoni ne ta ko'ina.

"Wannan kuma kaguwa ce aka kifar?"

"Na masu wasan kwamfuta ne. Ya fi duka gudu."

"Ina zan je da nake gudu? Ajiye shi. Wancan fa, me ya sa biyu ne a kwali ɗaya?"

"Tagwaye ne. Ki sa ɗaya nan, ɗaya can, su riƙa miƙa wa juna, sabis ya game ko'ina."

"Ni kaɗai ce a gidan nan, Garnet. Me zan yi da tagwaye, goyo?"

Ta ɗora yatsa a kan na uku, wani fari mai kama da gwangwanin sukari, don ba shi da ƙaho ko ɗaya kuma ba zai tara ƙura ba. Garnet ya yaba da zaɓin. Ya kafa shi a tsakiyar gida inda masu ilimin abin suka ce a kafa, ya raɗa masa sabon suna, ya kulle shi da kalmar sirri doguwa kamar jelar saniya. Yana aiki yana cewa shi bai taɓa ganin ganganci irin wannan ba, a bar abu a buɗe shekara da shekaru. Verna ba ta ji shi ba. Tana can tana goge taga, ta mayar da tukunyar furenta wurinta na asali, ta ja da baya ta riƙe ƙugu.

"Hollis, Allah ya ji ƙanka," in ji ta, "amma yau na yi nasara."

A yammacin nan ta yi hira da Colleen daga kan gadonta, hoto tar kamar madubi. Gaskiya abin ya yi mata daɗi.

Washegari mazan suka zo kamar kullum. Ta taga ta ga sun zauna, sun zaro wayoyi, sun ɗan dudduba, sun kalli juna. Da ta fito da tire suka karɓa da ladabin da ya yi yawa, suka ci, suka yi godiya, ba a jima ba suka hau kekuna. Ta ce ko gajiya ce, tsinka ba wasa ba. Lahadin da ta biyo baya ba wanda ya zo. Ta zauna a baranda da tire a cinya har inuwar bishiya ta tsallake hanya. Ta bi kanta da tambaya: gishiri ne ya yi yawa, ko wata magana ce ta suɓuce mata? Ta san bakinta. Ranta ya ɓaci, ta ji kunya, daga baya kuma tsoro ya rufe duka biyun, don tsinka ta kusa ƙarewa, in suka tafi a haka ba ta san ko za su sake jingine keke a shingenta ba.

Mutanen kwarin ba sa tambayar mutum me ya sa bai zo ba, sai dai su haɗiye. Verna ta haɗiye na mako guda, ya tsaya mata a wuya. Da Lahadi ta zagayo ta naɗe burodin a tawul, ta shiga tsohuwar a-kori-kurar Hollis, ta fita nemansu. A cikin gari ta same su, bayan ɗakin karatu da ke rufe, tafiya mai nisa a keke. Ana yayyafi, sun manne da bango a tsaye, kowa ya kare wayarsa da hula.

Ta sauke gilashi. Muryar motar makaranta ta fito.

"Linval Gayle! Zo nan!"

Ya taho yana goge gemu, ya cire hula duk da ruwan.

"Mis Verna. Ina wuni."

"Ban wuni ba. Me na yi muku?"

"Haba, Mis Verna. Me za ki yi mana?"

"To me kuke yi a jikin bangon gwamnati kamar kajin da ruwa ya daka, ga bishiya can tana zaman banza?"

Ya sunkuyar da kai, ya juya wayar a hannunsa.

"Dutchie ce ta tafi. Mun duba ba ta nan, sai wani sabon suna da ɗan kwaɗo a jikinsa. Muka ce to, mai gida ya rasu, gida ya sake tsari. Ba laifin kowa. Baƙo ba ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya ga an rufe a gabansa."

Verna ta ƙura masa ido.

"Kana nufin abin nan yana fita har bakin hanya?"

"Har gindin bishiya daidai. Da shi muke ganin iyalanmu. A masaukinmu sabis ba ya kamawa."

"Wato duk shekarun nan ba don burodina kuke zuwa ba."

Wani matashi a bayansu ya tuntsire da dariya, Linval ya harare shi.

"Burodin daga baya ya zo, Mis Verna, amma ya kama mu da kyau, kar ki damu. Ki bar ni in gaya miki. Shekarar da matata ke ɗauke da cikin autarmu, ciki ya zo da wahala, tana asibiti, ni ina nan. Wata Lahadi ina tsaye a kan hanyarku na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, sai Mista Hollis ya fito daga garejinsa. Ya kalle ni, ya kalli wayar, ya koma. Ko sannu bai ce ba. Can sai ga shi ya sake fitowa, ya nuna mini taga da haɓa, ya ce, 'Nemi Dutchie.' Ya juya zai tafi, ya ƙara da cewa, 'Kar ka faɗa wa Verna, yanzu ta hau toye-toye.'"

Verna ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Duk mitar da ta yi wa mutumin nan a kan tukunyar fure ta dawo mata ɗaya bayan ɗaya, da kalmominsa uku. Hawaye suka zubo, ba ta share ba. Ba baƙin ciki ba ne kaɗai. Godiya ce ta cika mata ƙirji, ga mijin da ya yi alheri ya ɓoye har ga matarsa, ga kuma mutanen nan da suka gwammace tsayuwa a ruwa da su sa ta jin nauyi.

"Ashe garin neman gira na rasa ido," ta ce. Ta miƙa masa tawul ɗin. "Ungo, ku ci kafin ya jiƙe. Ran Lahadi kuma kada in nemi ko mutum ɗaya in rasa."

Tana isa gida ta kira surukinta.

"Garnet, tagwayen nan, ka mayar da su?"

"Suna bayan mota, Mama. Ba ke kika ce ke kaɗai ce a gida ba?"

"Na yi ƙarya. Kawo su."

Da ya ji labarin bai yi gardama ba, kunya ma ta kama shi. Ya ce ai abin da sauƙi: nata na ciki ya zauna a kulle yadda yake, a buɗe wa baƙi ƙofa daban, in aka mayar mata da tsohon sunan wayoyinsu za su gane ta da kansu, ba sai an gaya wa kowa komai ba. Ɗaya daga cikin tagwayen ya zauna a tsakiyar gida. Ɗayan kuwa Verna ba ta bari ya taɓa ba. Da hannunta ta sauke tukunyar fure ta ajiye a ƙasa, ta ɗora shi a taga, ta gyara masa zama yana kallon hanya.

Ran Lahadi kekuna suka gangaro. Tun kafin su kai shinge aljihuna suka fara ƙara, wannan na kuka wancan na amsawa, sai mazan suka kaure da ihu. Kafin ta fito da tire gindin bishiyar ya cika da muryoyin mata da yara daga wancan gefen teku. Linval ya yafuto ta, ya juyo mata da wayar. Wata yarinya ce mai kitso da giɓi a baki, autar nan tasa, Shanique.

"Gaida ta," in ji shi. "Ita ce mai gidan."

Yarinyar ta zaro ido.

"Baba, wannan ce Mis Dutchie? Mis Dutchie, ina kika tafi? Mama ta ce mu yi miki addu'a, ko ba ki da lafiya."

Mazan suka zuba ido, suna jiran abin da zai biyo bayan kiran Verna Zwicker da sunan karya. Ta karɓi wayar, ta matso da ita kusa da fuskarta, kuma a karo na farko da kowa zai iya tunawa, muryarta ta fito a hankali.

"Ni ce, 'yata. Na warke. Ina nan a taga, ba inda zan sake zuwa."