Wa Ya Cinye Ɓauren?

A gidanmu na Makera, in an idar da sallar lisha, ba a neman yaro a ko'ina sai gaban murhun Iya Delu, mahaifiyar babanmu. Bayan girbi na fi tunawa, tana tura mana gyaɗa cikin toka mai zafi, hayaƙin kara yana sa mu hawaye amma ba mai matsawa. Tsohuwa ce mai faɗa. Ko tatsuniya za ta yi, sai ka rantse da wani take rigima.

"Ga wata nan ta taso, ku ba ta wuri," in ji ta.

Mu ce, "Ta iso, Iya."

Wai akwai wani ɓaure a bakin rafi, tsuntsaye na zaune a kansa. Kowace shekara ya yi 'ya'ya, su ci, su ƙyanƙyashe, su ƙaru, har ta kai wanda ya dawo a makare sai dai ya kwana a ƙasa. Ana nan sai giwa ta gano wurin. Ita ba ta tsinka ɗai-ɗai. Reshe take karyawa ɗungurungum, ta ci rabi ta tattake rabi. Da yunwa ta shigo, sai giwa ta tara tsuntsaye. A nan Iya kan kumbura kumatu ta kauraye murya: "Kun ga abin da kuka ja mana ko? Kullum ƙwai, kullum ƙwai!"

Tsuntsaye suka fusata, suka ce ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kowa ya koma sheƙarsa. Ba wanda ya kori giwa, ba wanda ya ɗauki ƙwayar ɓaure ya kai wani wuri ta tsiro. Da itacen ya bushe, giwa ta kaɗa kunne ta nufi wani daji. 'Yan tsakin da ba su iya tashi ba, nan suka ƙare.

Na ce, "To Iya, laifin wa?"

Ta harare ni. "Kai dai Lawal ba ka da kai. Giwa ɓarauniya ce. Amma ɓarawo ma yakan faɗi gaskiya."

Na girma, na koma Kurfi da zama, na manta da zancen. Bara aka haifa wa yayana Hamisu ɗa, na je gida suna. Matarsa Binta da ƙyar ta sha a haihuwar nan. Jini ya ɓalle mata, aka kwashe ta zuwa asibiti a Dutsin-Ma, likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ita. Gonar babanmu da ta ciyar da gida guda, an yanka ta tsakaninmu, rabon kowa ba ya kai shi rani. Fadamar da muke noman tumatir kuwa, wani Alhaji daga birni ya saye ta, ya kewaye, ya bar ta ciyawa na ci.

Alhajin nan ya zo sunan. Ya ci nama ya ƙoshi, sannan ya gyara zama ya ce ya ji a rediyo mutanen duniya na ƙaruwa fiye da abin da ƙasa za ta iya ɗauka. "Ku kuma ba ku da aiki sai haihuwa," in ji shi.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Alhaji, ƙasar da ka ce ba za ta ɗauke mu ba, rabinta na cikin shingenka."

Alhaji ya miƙe. Ya kakkaɓe riga ya shiga mota.

Hamisu ya dafa ni yana dariya. "Ka gama min komai, ƙanena. Baɗi ma za ka zo wani sunan, ya mutu da haushi."

Wallahi wannan ta fi ta Alhaji ƙona min rai. Binta na ɗaki, ko tashi ta gaida mata ba ta iyawa. Na ce, "Yaya, da ran Binta za ka rama wa Alhaji?" Tun ranar ba ya amsa gaisuwata.

Ko duniya za ta ɗauki masu zuwa, ni ban sani ba. Abin da na gani a garinmu shi ne, mai ƙwace yana fakewa da yawanmu, mu kuma muna fakewa da zaluncinsa, kowa ya samu abin da zai hana shi gyarawa. Da ina yaro na ɗauka Iya ta ƙi ba ni amsa ne. Ashe duka biyun take zagi, shi ya sa take yin tatsuniyar kamar mai rigima.

Shekaranjiya matata ta dawo daga Makera. Ta ce Alhaji ya sayi gonar maƙwabcinmu, Binta kuma na da ciki.