Zakaran Mahaifiyata a Tukunyar Sabon Shugaba

Shekarun baya, lokacin da aka samu 'yancin kai, ina lebura cikin masu gyaran hanyar da ta tashi daga Bagudo ta nufi iyakar Dahome, wadda yanzu ake kira Benin. Baturen da ke kanmu ya tattara ya tafi, aka turo mana ɗan ƙasa, wani dogon mutum marar yawan magana. Tun bai gama sauke kaya ba, magana ta bazu wai za a rage leburori.

Ni kuwa da aikin nan nake riƙe gidanmu. Kowa ya ce dabara ɗaya ce, a kai gaisuwa. Na lallaɓi mahaifiyata ta ba ni zakaranta, wanda duk unguwa da cararsa take tashi.

"Ɗauka," in ji ta. "Amma in anka kore ka, kak ka dawo man babu shi."

Ranar Juma'a da safe na rungumo shi ina taƙama. Abokina ya zo da 'yan busassun kifi a ganye, har na ji tausayinsa. Muna isa ƙofar gidan sabon shugaban sai ga helumanmu, mai lura da mu a wurin aiki, da ƙaninsa suna jan rago. Nan take zakaran nan ya koma mini kamar ɗan tsako.

Shugaban ya karɓi komai, ya yi godiya, ya ce mu dawo bayan la'asar. Muka dawo, kowa na jiran ya ji wa aka kora. Sai muka tarar da tabarmi a shimfiɗe, ga tuwon shinkafa, ga wata ƙatuwar tukunya tana tururi. Ashe rago da kaji da kifi, duk wuri guda ya sa aka zuba su.

"Bismillah," ya ce. "Duk wanda ya gane abin da ya kawo cikin miyar ga, shi nuna man, in san wa zan bari wurin aiki."

Nan take dariya ta ɓarke. Heluma kaɗai ne bai dara ba. Da muka ƙoshi, shugaban ya ce ba za a kori kowa ba. In aiki ya ragu za a riƙa yin sa bi da bi, har da ƙanin heluma. Wallahi daɗin da na ji, sai da na yi ƙwalla.

Da na ba mahaifiyata labari ta riƙe baki. "Ashe zakarana ya tahi a banza?"

"Inna, ni ko naman nai ban tabbata na samu ba."

Ban taɓa aiki da zuciya ɗaya kamar a hannun mutumin nan ba, don ya cire mana tsoro. Bayan shekaru ni ma na zama heluma. Duk ranar da na hango lebura tafe da kaza a hammata, sai in leƙa cikin gida in ce wa uwargida ta ɗora babbar tukunya.