Mode da Ruwan Laraba

Mode ɗan Kawu Sale na Boyekai, tun ranar suna anka san kansa ya fi ƙarfin hula. Wanzami ya fara aski da hantsi, har anka kira azahar bai kai ƙeya ba. Amma fa kan ba fanko ba ne. Da ya kai ajin ƙarshe ga sakandare can Goronyo, duk lissafin da ya kayar da 'yan aji wurinsa ake kai shi.

Su uku sunka raba karatun jarrabawa. Siddiƙu ya ɗauki fizis, Sa'adiyya kemistiri, Mode lissafi, kowa ya koya wa sauran. In an tashi makaranta su zauna baranda da tsoffin tambayoyin shekarun baya. Mode bai iya bayani ba sai da kayan gona.

"Wanga X ɗin, ka ɗauka buhun albasa ne da ba a kwance ba."

"To mi ya hana a kwance shi mu huta?" in ji Siddiƙu.

"Shi muke yi, jakin Alhaji. Riƙa biro."

Ana haka ɓarin jikin Kawu Sale ya shanye. Gonar shinkafar rani ta dawo wuyan Mode, ita ko tana can wutsiyar kanal, inda ruwan dam ke isowa a gajiye. Ruwan bi da bi ne, nasu ranar Laraba. Wanda bai tsaya bakin gonarsa da hauya ba, na sama su karkatar da rabonsa, in an yi magana su rantse ba su gani ba. Shinkafa ta yi ciki, ƙasa ta tsage har akuya na iya ɓacewa ciki. In ta rasa ruwan makon nan, Inno uwar Mode da ƙannansa ba su da abinci. Jarrabawar lissafi kuma ta faɗo Laraba.

Siddiƙu ya aro babur ɗin yayansa. Shiri shi ne su je gona bayan asuba, Mode ya shigar da ruwa, su wuce Goronyo. Sunka isa, kanal a bushe.

Rana ta fito. Mode ya durƙusa ya kara kunne ga siminti, wai ko ya ji motsi.

"Mode, hau mu tafi. Za a rufe ƙofa."

"Shina tafe. Ji iskan ga, da sanyi."

"Iskan kanka! Kai ka koya muna abin ga, ka bari mu shiga ba ka?"

"In na bar nan Isa mai gonar sama ya sha rabona, mi zan ce ma Inno?"

Siddiƙu ya ja shi ga riga har ta yage. Mode ya zauna ƙasa ya rungume hauya. Babur ya tafi da mutum guda.

Ruwa bai zo ba ranar. Sai Juma'a ya iso, anka ce gyara ake can sama, ba wanda ya aiko musu. Da ya bi Siddiƙu, da bai rasa komi ba.

Da maraicen Larabar Siddiƙu ya kawo mai takardar tambayoyin, ya ce rabinsu sun yi su ga baranda. Mode bai karɓa ba. Ya ce hannunsa da laka, alhali ranar ko yawu babu ga gonar.

Siddiƙu da Sa'adiyya sunka ci, sunka wuce Sakkwato karatu. Mode ya ce baɗi. Kafin baɗi Kawu Sale ya rasu, ƙannai sunka zama nasa, sannan aure, sannan furfura tun bai kai ba. Har yau yana wutsiyar kanal. In ɗiyansa sunka kawo aikin gida na lissafi, sai ya ce idonsa ba ya gani, su tafi wurin maƙwabta.