Ranar da Baba ya hana ni kunna sabuwar waifa

Muna tsakanin Badaguishiri da Tajaye ɗigon ruwan farko na bana ya faɗo a gilashin mota. Baba na gefena, na ɗauko shi daga Konni zan mayar da shi gida.

Ni kuwa daɗi ya kama ni. Jiya na wuni a shagon kayan mota ina zaɓen waifa, abin share ruwa a gilashi. Na ƙi wadda aka zana ƙanƙara a kwalinta, don ta ƙasashen sanyi ce. Na ɗauki mai roba mai taushi, wadda aka ce zafin ranarmu ba ya busar da ita.

Ruwa na ƙaruwa na kunna ta. Sau ɗaya ta wuce, gilashi ya yi fes!

Sai Baba ya riƙe mini hannu.

“Kai Isufu, mi kake yi haka?”

“Baba, hanya nake son gani.”

“Ruwan da muka yi ta fita roƙo, irin hatsi na ajiye a ɗaki, shi ne ya zo kake korar shi? Tsaya nan in gan shi da kyau!”

Na gangara gefen hanya na kashe mota. Muka zauna ruwa na kwarara a gilashi, ba ma ganin komai, tsoho yana ta dariya yana cewa, “Alhamdulillahi, gobe sai shuka!”

Wallahi ban taɓa jin daɗin gilashi mai duhu irin na yau ba.

Ku fa, ruwan farko ya iso garinku?