Matar Mai Nutso

A ƙauyensu Tonka, a gaɓar tekun Dalmatiya, sunan da aka raɗa wa mutum a coci na takarda ne kawai. Sunan da zai bi shi har kabari a gangare yake samunsa, wato gangaren simintin da kowa ke saukar da jirginsa cikin ruwa da bazara, ya kuma fito da shi da kaka kafin iskar arewa ta fara hauka. A gefen gangaren akwai benci, a kan bencin akwai tsofaffi, shugabansu kuwa Bepo ne, mai ƙaton tumbi da bakin da ba ya hutu. Ƙa'idarsu ɗaya ce, ba sa tashi. Ko jirginka ya zame ya daki siminti, ko ka manta toshe ramin gindinsa ya sha ruwa, nasu kallo ne, sai suna ya biyo baya. Wanda kuwa ya roƙe su taimako, ya gama zubar da girman gidansu.

Lovre, mijin Tonka, masunci ne mai haƙuri da bai taɓa cin zalin kowa ba. Suna sabon aure, wata kaka ya zo fito da jirginsa, tayoyin motarsa suka hau gansakuka, motar ta sulale baya-baya har ruwa ya rufe ta. Da ƙyar ya fito ta taga. Kafin kayansa su bushe Bepo ya sa masa Mai Nutso, kuma da sunan ya tsufa. Shi dariya yake yi, amma Tonka, da aka koma kira matar Mai Nutso, abin ya ci mata rai.

Tun daga shekarar, duk kaka sai a gan ta ta tattare siket, da burushi mai tauri a hannu, tana kankare gansakukar gangaren. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya gode mata. Tsofaffin benci har cewa suke ta mai da gangaren ɗakin girkinta. Sai dai tun da ta fara, motar kowa ba ta ƙara shiga teku ba, kuma ta san da haka sarai.

Da Lovre ya rasu ya bar jirginsa a ruwa, ɗansu Dujam da ke aiki a Jamus ya bugo waya ya ce a sayar da jirgin, tunda babu mai fito da shi. Tonka ta ce akwai. Ya yi ta lallashi, ita kuwa ta kafe, har suka tsaya a kan magana ɗaya: in ta fito da shi da hannunta jirgi ya zauna, in ta kasa a sayar. Jirgin nan Lovre ne ya sassaƙa shi da kansa, da shi suka ci da iyali, don haka sayar da shi a wurinta kamar a sake binne mutumin ne. Duk bazarar sai ta ɗaura wa ƙaramar motarta amalanken ɗaukar jirgin, ta tafi gonar zaitun tana koyon tuƙi da baya. Bishiya biyu sun ji a jikinsu.

Da ranar fito da jirgin ta zo, benci ya cika har wasu na tsaye. Ta juya motar, ta gangara da amalanken cikin ruwa a miƙe tamkar da zare aka ja shi. Ta shiga ruwa har gwiwa, ta jawo jirgin, ta ɗaure shi tam. Sannan ta koma cikin motar.

Abin da ba ta lura da shi ba, ranar ruwa ya ja baya fiye da yadda ya saba, har ta sauka ƙasa da inda burushinta ya tsaya. Tana taka totur tayoyin gaba suka kama juyawa a wuri ɗaya, motar ta soma sulalewa. Ta danne birki, amma duk da haka tana jin nauyin jirgin yana jan ta a hankali.  Ta san maganin, nauyi ake so a kan tayoyin gaba, ta kuma san ba za ta roƙi kowa ba. Sai ta leƙo ta taga.

"Bepo, tun ina amarya kake kiwon tumbin nan a bencin gari, ba a taɓa cin moriyarsa ba. Yau ranarsa ce. Taso ka zauna mini a nan gaba."

"Ke Tonka, roƙo ne wannan?"

"Ka taɓa jin roƙo da zagi a ciki? Taso, in tumbin zai bar ka."

Benci ya fashe da dariya. Bepo ya dubi ruwan da ya fara lasar tayoyin baya. Da Lovre suka yi ƙuruciya, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa. Ya miƙe yana gunaguni, ya gangaro yana dafa bango, ya haye ya zauna a kan murfin injin. Motar ta durƙusa, tayoyi suka kama ƙasa, jirgin ya fito yana ɗigar da ruwa.

Tonka ba ta tsaya ba. A hankali ta wuce benci, ta wuce kasuwar kifi da ƙofar coci, Bepo na riƙe da hularsa yana rantsuwa da duk waliyyan da ya sani, mata na leƙowa ta tagogi. Sai da ta kai gindin itacen ɓauren gidanta ta ja birki. Kafin ya dawo benci da ƙafa, abokansa sun riga sun sa masa Kayan Tonka, sunan da har jikokinsa suke amsawa yau.

Washegari ya zo gidan, wai benci ya yanke shawarar a daina ce mata matar Mai Nutso, a nemo mata suna mai kyau. Tana wanke gindin jirgin ne, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ku bar mini sunan mijina," in ji ta. "Shi da jirgin nan, babu wanda zan rabu da shi."