Maulud, Ranar da Ka Kai Mu Gidan Abincin Japanawa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, daidai da 14 ga Janairun 2025, ina tsaye gaban injin yankan kwali a Birnin Masana'antu na Biyu, sai abokinmu Rabilu ya kira ni a waya. Ko sallama bai yi ba. Cewa ya yi, "Sha'aban, Maulud ya cika." Na kashe injin, na zauna a ƙasa ina maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un, har mudir, shugaban wurin aikinmu, ya zo ya tsaya a kaina, ya dube ni, ya wuce.

Maulud ɗan Abdou, mutumin wani ƙauye a bayan Tanut ta ƙasar Damagaram, shekara goma sha ɗaya kana tuƙa iyalin wani gida a nan Riyad. Ka rasu da hantsi a gadon asibiti, kana da shekara arba'in da shida, ciwon ƙoda ne sanadi. Ka bar mahaifiyarka Inna Mariamou, da matarka Zouera, da 'ya'ya huɗu. Ƙaramarsu, Muhibba, tana ciki ka yi zuwanka gida na ƙarshe, ba ka taɓa ɗaukar ta ba.

A ƙofar wani masallaci na unguwar Gubaira muka haɗu, kwanana tara da zuwa daga Gusau. Takalmina ya ɓace, ina ta mita ni kaɗai da Hausa, sai na ji an ce a bayana, "Ɗan'uwa, saka nawa, ni mota zan shiga." Kai ne ka haɗa ni da Rabilu mai walda da Saidou na Maraɗi, na sami wurin kwana a ɗakinsu. Kai ka koya mini Larabcin titi, ka nuna mini abin da ake faɗa wa kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zaman mutum a ƙasar, da abin da ake haɗiyewa. Lokacin da inji ya cire mini yatsu biyu, sati uku kana zuwa kullum bayan ka sauke yaran gidanku a makaranta. Ka wanke mini kaya, ka zuba mini ruwan alwala, ka kwance bandejin da ni kaina ba na iya kallon abin da ke ƙarƙashinsa. Ban taɓa jin ka ambaci wannan a gaban kowa ba.

Akwai wani gidan abinci irin na Japanawa a arewacin birni, inda kake kai maigidanka da abokansa. Shekara biyar kana jiran su a mota a ƙofar wurin. Kakan ba mu labarin jajayen fitilun takarda da ke rataye, da ƙamshin gawayi da ke fitowa in an buɗe ƙofa. Ka ce an gaya maka a ƙasarsu irin wurin nan ma'aikata ke taruwa in sun tashi daga aiki, su ci su sha su yi hira, amma a nan ban da koren shayi da lemo ba a shan komai. Muna yi maka dariya, muna cewa mai gadin ƙofa ya fi masu shiga sanin ciki.

Wata Juma'a cikin Nuwamba, muna fitowa daga masallaci, ka ce kowa ya sa rigarsa mai kyau, yau za mu shiga. Rabilu ya yi gardama, ka ce, "Kalas, magana ta ƙare, na riga na kama mana wuri."

Muna tura ƙofa ma'aikatan suka kwaɗa wata gaisuwa gaba ɗaya da ƙarfi, har Saidou ya ja da baya, ya zaci korar mu ake yi. Aka kai mu wani lungu na katako inda ake cire takalmi, aka ba kowa ɗan tawul mai ɗumi. Sai ga ƙananan kwanuka suna ta zuwa: tsiren kaza da aka gasa a kan gawayi, koren wake a cikin kwansonsa an barbaɗa masa gishiri, ɗanyen kifi an yanka shi siri-siri. Saidou ya ɗanɗani tsiren ya ce in da za a ba mutanen nan ƙuli-ƙuli da sun gama da duniya. Rabilu ya lakaci wani koren yaji ya kai baki da yawa, ya bi masa ta hanci, hawaye na zuba yana salati. Ni kuwa tsinkayen cin abincin suka gagare ni da yatsuna uku, ka kira ma'aikaci a hankali ya kawo mini cokali. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

Sai da muka kusa gamawa na lura ba ka ci komai ba ban da farar shinkafa cokali biyu. Na kuma ga ƙafafunka a ƙarƙashin tebur, sun kumbura har safa ta nutse a cikin fata.

Ka ajiye kofin shayi ka ce, "'Yan'uwa, shawara na kawo ku." Ka gaya mana likita ya ce ƙodojinka duka biyu sun daina aiki, sati shida ke nan ana yi maka wankin ƙoda ba mu sani ba. Kafil, wato maigidanka, ya yi maka adalcin da zai iya, ya bar ka a ɗakinka, amma ya ce ba zai sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ga direban da ba ya iya tuƙi ba, kuma a Fabrairu za ta ƙare. In ka koma gida, tsakanin ƙauyenku da inda ake wankin tafiyar yini ce, ba jikin da zai jure ta sau uku a sati. "In na zauna, ban ga yarana ba. In na tafi, sun gan ni na 'yan kwanaki. To, wanne za ku zaɓa mini?"

Gefenmu wasu samari suna ta shewa, ana ta kawo musu tsire. Can Saidou ya ce, "Allah zai kawo mafita." Ka ce, "Amin," ka yi murmushi, ka tura mini kwanon da ke gabanka ka ce in cinye kada ya huce. Da za mu fita takalminka ya ƙi shiga, ka take bayansa ka ja shi har mota. A hanya ka roƙe mu kada kowa ya gaya wa Zouera, sai ka yanke shawara tukuna.

Maulud, ina da amsa a ranar. Na so in ce maka ka tafi, ka je ka ɗauki 'yarka ko sau ɗaya ne, ka kwanta a inda mahaifiyarka za ta riƙe maka kai. Na kasa, domin faɗin haka daidai yake da in ce maka ka je ka mutu. Juma'a takwas na zo ɗakinka da maganar a bakina, na koma da ita. Kai ma ba ka sake tambaya ba.

Ni aka ɗora wa kiran Zouera. A cikin kira ɗaya ta ji ciwonka ta ji rasuwarka. Ba ta yi kururuwa ba. Sai dai ta ce, "Malam Sha'aban, tun yaushe kuka sani?" Na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Allah ya saka muku," ban san wace irin sakayya take nufi ba, ban kuma ga laifinta ba.

Bayan kwana biyar, da takardu suka kammala, aka yi maka salla bayan la'asar tare da wasu mamata shida. Mu goma sha ɗaya ne muka san sunanka a cikin sahun. Zouera ta aiko a ɗaukar mata hoton kabarinka don yara. Na koma maƙabartar ranar Juma'a, na tarar an ƙara layi biyu na sababbin kaburbura, kuma a nan ba a rubuta suna. Na zaga har aka kira magariba ban iya cewa ga naka ba. Har yau ban ba ta amsa ba.

Ya Allah, Kai ka san inda bawanka Maulud yake kwance. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya jinyar da ya yi a ɓoye ta zama kankarar zunubi, Ka karɓi hidimar da ya yi wa baƙi irina. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Mariamou, da Zouera, da yaran nan huɗu, da dukan mutanen ƙauyenku. Allah ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba tukuna, ya raya abin da ya bari. In zuciyarku ta iya, ku yafe mana shirun da muka yi.

Sha'aban, Gubaira, Riyad