Gitar da aka shanya a rana

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Tawa, cikin bazara, ƴan shekaru bayan samun ƴancin kai. Ina koro awakinmu gida sai na ga motar da ke dawo da ƴan kasuwa garinmu Barmu ta tsaya, aka riƙo wani mutum aka sauko da shi a hankali kamar tulu cike da ruwa. Sai da ya kira sunana na gane Yaya Asumana ne, wana da ya tafi ci-rani Abijan tun ina ajin farko a lekwal. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, yana tari yana ɓoye ƙyallen da yake tarin a ciki. Samarin garinmu keke suke dawowa da shi, ko rediyo, ko atamfa. Shi kuwa wani dogon akwati ya rungumo, ya ƙi bari kowa ya ɗaukar masa.

Gita ce a ciki, ta lantarki, ja jawur, tana ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa. Ban taɓa ganin abu mai kyanta ba! Akwatin da ke ƙara mata sauti can ya baro shi, kuma dama ina muka ga wuta a Barmu? Saboda haka muryarta ƙasa-ƙasa take. Sai Yaya ya jingina kanta da randar Inna wadda ba ruwa, sautin ya cika ɗaki. Da na dawo daga rijiya na ɗaure awaki, ko filin langa ba na bi, can nake nufa in zauna bakin tabarmarsa. Ya sassauta tsirkiyoyinta sun kwanta dab da wuya, don yatsunsa ba su da ƙarfin danne su. Abin da ya rage masa ke nan. Gona ta gagare shi, ko masallaci sai an riƙe shi.

Ba a daɗe ba gitar ta fara wata ƙara, zirrr, kamar zanzaro cikin buta. Bari in gaya muku dalili, don yanzu na sani: icen ya saba da laimar bakin teku, da ya sha bushin ƙasarmu ta Adar sai ya motsa, tsirkiya ta riƙa gogar ƴan ƙarafan da ke gicciye a wuyan. Mu a lokacin ba wanda ya sani. Kawu Nomau, ƙanen Inna, shi ne gwanin gurmi a unguwarmu. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Wagga aba sanyi ta sha. Ko gurmina in ya yi haka, rana nika ba shi." Da kyakkyawar niyya ya ɗauke ta Yaya na barci, ya shanya ta bisa rufin rumbu tun hantsi har la'asar. Da aka sauko da ita ba ta taɓuwa don zafi, fentin ya tsage, wuyan ya ɗan karkace. Yaya ya kaɗa sau ɗaya, ya juya fuskarsa ga bango. Kawu ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa, daga nan bai ƙara kawo gurminsa gidanmu ba.

Ni na ƙi haƙura. Na lura kowace tsirkiya tana bisa wani ɗan ƙarfe can ƙasa, irin jakin gurmi, kuma kowane da ƴan kusoshinsa masu murɗawa. Na goga bakin wata tsohuwar wuƙa ga dutse har ta shiga kansu. In na murɗa nan tsirkiya ta tashi, in na murɗa can ta kwanta. Wallahi ranar kamar na tono rijiya ni kaɗai! Na gane ba a yi mata gaggawa: ka murɗa kaɗan, ka sake ɗaure sautin, ka bi wuyan gaba ɗaya kana dannawa kana saurare. Tsinken ashana ne ma'aunina, in zura shi tsakanin tsirkiya da ƙarfe a tsakiyar wuya. Ina kafa haƙorana ga icen don in ji ƙarar har cikin kaina. Mushe, wato malaminmu na lekwal, ya zane ni don na makara, awaki suka shiga garkar maƙwabta, Inna ta ce, "Kai da wanka duk wannan ice ya cinye muku hankali." Amma ita ce ke ajiye mini wuƙar inda yara ba za su ɗauka ba.

Hadarin farko ya fara haɗowa ranar da na kashe ƙarar gaba ɗaya. Sai dai wuyan ya riga ya karkace, dole na ɗaga tsirkiyoyin har tsinke biyu na shiga. Na kai masa da gudu. Ya ɗora yatsunsa, ya danna, tsirkiyar ta ƙi kai ƙasa. Ya sake, gumi ya keto masa. Sai ya yi ƴar dariyar da ta tada tarin, ya ce, "Ka gyara ta, ƙanena, amma ga masu lahiya. Maido min ita ƙasa. Bar ta ta yi kukanta." Na mayar da kusoshin inda na tarar da su, ina yi hawaye na zuba bisa jan fentin. Ya kaɗa, tana zirrr, zirrr, Inna ta bar daka ta tsaya da taɓarya a hannu. Kafin gero ya fid da kai aka kai shi asibitin Tawa, bai dawo ba.

Yanzu a Tawa nake, ina da turnabis na murɗa kusoshi, da akwatin sauti, har da makullin da ke miƙe wuyan gita, wanda da mun same shi a lokacin wataƙila da ya kaɗa ta ƙasa-ƙasa ba ƙara. Samari na kawo mini nasu, in gyara su fita tas, kuma duk wanda ya zo sai na ja masa kunne kada ya bar ta a rana. Ta Yaya tana rataye a ɗakina, ban ƙara taɓa kusoshinta ba. In na yi kewarsa sai in jingina ta da randa in kaɗa, ta yi mini kukan nan nata.